Dokar da Othniel Ya Kafa

A layin masu zobe na kasuwar Jimeta, ango zai zaga shago bayan shago yana neman ragi a zoben aure mai daimon, ya yi ta jin kuɗi ɗaya kamar an haɗa baki. To, an haɗa ɗin. Othniel ne ciyaman ɗin ƙungiyar masu zoben, kuma shi ya kafa dokar da bakinsa: duk gidan da aka karya farashi, a cire mai gidan daga ƙungiya.

Sai ga Queen, 'yarsa ta fari, ta dawo daga Legas da daimon ɗin da ake haɗawa a inji, ba haƙo shi ake ba. Ƙyalli iri ɗaya, kuɗi ko rabi bai kai ba. Ko shago ba ta da shi, a waya take ciniki daga ɗakinta a gidan babanta da ke unguwar Shagari. Angwaye suka ɗauke ƙafa, 'yan layi suka koma gardamar ƙwallo daga safe har yamma.

Othniel ya yi faɗa har muryarsa ta dishe.

Ta ce, "Baba, ban yi wa kowa ƙarya ba. Na ce na inji ne, suka ce shi suke so."

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya duba da gilashinsa, ya juya, ya sake juyawa, bai ga aibu ba. Haushi ya kama shi, amma a ransa yarinyar ta burge shi.

Ranar taro ya je da niyyar korar kansa kafin a kore shi. Da mutanen nan ya tsufa, su suka ɗauki akwatin gawar matarsa. Rabuwa da su ta fi masa rashin ciniki ciwo. Ya miƙe ya fara magana.

Sylvester, maƙwabcin shagonsa, wanda ya fi kowa zafi a kan doka, ya katse shi. "Oga ciyaman, zauna abeg. Kasuwa ya canja, dokan nan ya tsufa kamar mu. So muke yarinyan ta shigo ƙungiya, ta nuna mana hanyan kayanta."

"Kun yi magana da ita?"

"Tun jiya. Taurin kanka ta ɗauko. Ta ce ba mai yanka mata farashi, kuma ba za ta zauna a ƙungiyan da babanta ba shi ne ciyaman ba."

Othniel ya koma ya zauna. Ya ciro hankici wai zai goge tabarau, hawaye suka riga shi.