Kujera ta Biyar

Teburin da ake kafawa a kan dandamalin babban zauren taro kujera biyar yake ɗauka. An taɓa gwada ta shida, sai gwiwar wani darakta ta leƙo waje, masu ɗaukar hoto kuma suka fi mai da hankali kan gwiwar fiye da fuskarsa. Tun daga ranar kwamitin shirya taron kimiyya da ƙirƙira na ƙasa ya tsaya a kan biyar, huɗu na masu jawabi, ta tsakiya ta mai jagorantar zaman.

Bana kujerar tsakiya a zaman farko ta Sakatare ce. Haka kowa ke kiransa a hukumar da ke shirya taron, har masu gadi, domin shekara da shekaru shi ke rubuta abin da kwamiti ya yanke, shi ke bin mutane a waya, shi ya san wane farfesa ne ba ya zama kusa da wane. Ciyaman ne ya ba shi kujerar da bakinsa, ya ce lokaci ya yi da Minista zai san fuskarsa, ba sa hannunsa kawai ba. Sakatare bai tsaya kawaicin ƙarya ba, ya karɓa. Duk wanda ya jagoranci zaman farko ba ya daɗewa bai zama darakta ba, shi kuma ya san zai iya aikin.

Zaman farko shi ne taron, sauran rakiya ne. Minista yakan zo da safe ya buɗe taro, ya saurari zaman farko, da an tashi shan shayi ya shiga mota. Wata shekarar ma ba ya kaiwa shayin. Abin da aka faɗa a gabansa shi ke hawa saman sanarwar bayan taro, daga sanarwar kuma ake tsamo fannonin da ƙasa za ta ba fifiko a bincike na shekaru masu zuwa. Abin da aka faɗa ran ƙarshe da yamma kuwa, kujeru ake faɗa wa, da mutanen da suka yi layi a bakin ƙofa suna jiran takardar shaidar halarta.

Kwamiti bai sha wahalar raba kujeru huɗun ba. Ɗaya ta tauraron ɗan'adam, wadda tun fil azal ta wani tsohon farfesa ce da ake kira Baba Tauraro. Ɗaya ta ƙirƙirarriyar basira, ɗaya ta wutar hasken rana, ɗaya ta haɗa magunguna. Da wani ya tambaya ina za a sa ruwan ƙarƙashin ƙasa, Ciyaman ya ce ai maganar ruwa kullum ana yin ta, Minista sabon abu yake son ji. Aka tura ruwa ran ƙarshe da yamma. Sakatare ya rubuta.

Sai dai wadda za ta yi jawabin ruwan ƙanwarsa ce. A jami'a Dakta ake ce mata, a gida kuwa Auta, kuma ko gashinta zai yi fari Auta ce. Ta yi shekaru tana yawo unguwa-unguwa da igiyar awo a bayan motarta, tana zura ta cikin rijiyoyi da ramukan burtsatse. Abin da ta gano ba shi da daɗin ji. Ruwan da ke ƙarƙashin manyan birane yana ja da baya kowace shekara, kowa na haƙa nasa ya zarce na maƙwabcinsa zurfi, a wasu unguwanni har ruwan ya fara gishiri. Sakatare ya san wannan kamar shi ya yi binciken, domin a falon mahaifiyarsu ya sha jin sa, yana so ko ba ya so.

Ran Asabar da rana ya same ta a can, ta miƙe ƙafa a kan kafet tana duba jadawalin taron a wayarta. Inna na gefe tana gyaran gilashinta.

"Yaya, ran ƙarshe kuka ba ni? Madalla. Ni da masu shara za mu tattauna, su ma ai suna shan ruwa."

Inna ta tambaya ko ba shi ne ke raba wuraren ba. Ya yi mata bayani cewa kwamiti ke rabawa, shi rubutawa kawai yake yi, kuma ko da an ba Auta zaman farko ba za ta hau ba, saboda akwai doka, 'yan gida ɗaya ba sa hawa dandamali ɗaya. An kafa ta ne shekarar da wani ya jera kansa da surukinsa da ɗan wansa a tebur guda. Inna ta ce doka ce mai kyau, wa ya rubuta ta? Ya ce shi ne. Ta dube shi ta saman gilashi, ta ce to ai ka iya rubutu.

Auta ta yi dariya, ta ce kada ma ya sa abin a ransa, ta saba.

Bai sa a ransa ba sai da ya koma ofis ran Litinin. Ya zauna gaban fanka mai ƙara, jadawalin na kan tebur, yana juya maganar. Idan ya bar abin yadda yake, ba mai zarginsa da komai. Hannunsa tas, kujerarsa na nan, har a yaba masa cewa bai fifita ƙanwarsa ba. Amma ya lura tsabtar hannun nan riba take kawo masa, kuma bai cika yarda da gaskiyar da ke biyan mai ita nan take ba. Idan kuwa ya yi yunƙurin dawo da ruwa zaman farko, dole ya sauka daga tsakiya, kuma duk da ya sauka za a ce ya yi wa 'yar'uwarsa hanya. Ya duba ko akwai wani mai binciken ruwa da zai hau a madadinta. Akwai mutum biyu, dukansu da alƙalumanta suke aiki, kuma duk wanda aka tambaya zai ce a kira Dakta.

Kafin azahar ya gama shawara. Abin da ya rage aiki ne, aikin kuma nasa ne.

Ya fara da Ciyaman. Bai yi masa wa'azin ruwa ba, ya san ba ya ji ta nan. Ya ce masa fannoni huɗun duk suna da kyau, amma babu ɗaya a ciki da Minista zai iya maimaita wa matarsa a gida ta gane. Ruwa kuwa, Minista ma burtsatse gare shi. Sannan ya kawo tsarinsa: a ɗaga Baba Tauraro zuwa kujerar tsakiya, girma ne da ya dace da shekarunsa, kujerar Baba kuma a ba ruwa.

Ciyaman ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Ya tambaye shi ko ya san abin da yake mayarwa. Sakatare ya ce ya sani. Ciyaman ya ce masa irin wannan dama ba ta zagayowa da wuri, akwai masu jira a bayansa. Sakatare ya ce wannan ma ya sani, shi ke riƙe da sunayensu. Ciyaman ya ce to, in Baba ya yarda shi ba shi da ta cewa, amma yana shakka.

Baba Tauraro malamin Sakatare ne a jami'a. Ya same shi a ofishinsa da ya cika da tsofaffin mujallu, yana fama da murfin fulas. Sakatare ya karɓa ya buɗe masa, ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya shimfiɗa maganar girmamawa da kyau, kalma bayan kalma. Tsohon ya bar shi har ya kai ƙarshe.

"Wato ka zo ka ɗaga ni sama ne don ka zare kujerata daga ƙarƙashina."

"Haka ne, Baba."

"To gara da ka faɗa. Yarinyar nan ƙanwarka ce ko?"

"Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

"In da ba ƙanwarka ba ce fa?"

Sakatare ya zo da amsoshi da yawa a aljihu, amma ba ta wannan ba. Ya ce in da ba ƙanwarsa ba ce, da bai san zurfin maganar ba, da ya bar ta ran ƙarshe ya yi barcinsa lafiya. Baba ya gyaɗa kai, ya ce ke nan akwai wasu a ran ƙarshen da laifinsu kawai ba su da wa a kwamiti. Sakatare ya ce akwai. Sai dai bai ga cewa rashin iya gyara duka hujja ce ta ƙin gyara ɗaya ba.

Baba ya kurɓi shayinsa, ya ce ya karɓa, amma zai ja zaman yadda yake jan ajinsa. A ajinsa ƙarami ke fara magana, don kada ya ji ta manya ya haɗiye tasa. A taron kuwa al'ada ita ce a fara da babba a gangaro, na ƙarshe ya samu abin da ya rage na lokaci, in ya rage. Sakatare ya ce manyan za su ji haushi. Baba ya ce duk ya koyar da su, su ji.

Wadda ta fi kowa jin haushi Auta ce. Ta kira shi tana tuƙi, yana jin hon ɗin motoci ta wayar. Ta ce wa ya aike shi. Ta ce shekarunta na aiki yanzu za a naɗe su a ce Yayanta ne ya ba ta. Ta ce shi kuma ya zubar da abin da ya daɗe yana jira, Inna za ta ce ita ta jawo. Ya bar ta ta sauke duka, sannan ya ce ba ita ya ba kujerar ba, ruwa ya ba, in ta san wanda ya fi ta a faɗa masa yanzu ya kira shi. Ya ce ta rage hotunan jawabinta, ta yi magana kamar a falon Inna, kuma ta ajiye waya tana tuƙi.

Ranar taro da safe zauren ya cika har baya, sanyin na'ura na kaɗa labule. Ciyaman ya tare Sakatare a bakin dandamali ya miƙa masa wani jan kwali, wanda ake ɗaga wa mai jawabi idan lokacinsa ya ƙare. Ya ce tunda ya ƙi tsakiya, ga aikin da ya rage, kuma idanu na kansa. Sakatare ya karɓa ya zauna a layin gaba, can gefe, inda Minista ba zai gan shi ba sai ya waiwaya.

Baba ya ci kusan rabin lokacin mutum ɗaya yana gabatarwa, ya zaga da su sararin samaniya ya dawo. Sannan ya kira Dakta. Mai maganar magunguna, wanda ya riga ya gyara makirufo gabansa, ya mayar da hannunsa cinya a hankali.

Auta ta fara da kyau, amma ba ta rage hotunan ba. Taswira na bin taswira. Sakatare na kallon agogo, yana kallon hadimin Minista da ya fara leƙa waya. Ya san jawabin, ya san maganar gishirin tana can gaba, ba ta iso ba. Lokacinta ya cika. Mutanen da ke kusa da shi suka daina kallon allo suka koma kallon hannunsa. Da ya ƙara mata ɗan lokaci ba wanda zai mutu, ga Baba ma ya ci nasa ya ci na wani. Ya ɗaga kwalin sama sosai, yadda na baya ma za su gani.

Ta gan shi. Ta yi masa irin kallon da take masa tun suna yara idan ya kai ƙararta. Sai ta ajiye abin canja hotunan, ta juya ta fuskanci Minista.

"Ranka ya daɗe, an ce in tsaya. Abu ɗaya zan bar maka. In ka koma gida, ka tambayi wanda ya haƙa maka burtsatse sau nawa ya dawo ya ƙara zurfi. Sannan ka ɗanɗana ruwan kafin a tace shi. Abin da ka ji a harshenka, shi muke roƙon a ba mu dama mu bincika."

Aka yi 'yar dariya, ba Minista a ciki. Ya karkata ya yi wa hadiminsa magana, hadimin ya ajiye waya ya ciro biro. Ana tsakiyar jawabi na uku suka tashi suka fita, ba su jira shayi ba.

Da aka karanta sanarwar bayan taro, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne na biyu, bayan wutar hasken rana. A farfajiyar ajiye motoci Ciyaman ya dafa kafaɗar Sakatare, ya ce ya yi aiki, sai dai maganar darakta a bar ta tukuna, an riga an fara ambaton wani. Wasu ma'aikata biyu suka wuce suna gaishe shi da ƙarfi fiye da kullum, ya san hirar da suka katse.

Auta na jingine da motarta tana jiransa. Ba ta yi godiya ba, shi ma bai zo karɓa ba.

"A gaban mutane ka ɗaga min kwali, Yaya."

"Lokacinki ya ƙare."

"Baba fa?"

"Baba ba ƙanwata ba ne."

Ta buɗe ƙofa ta ce ya shiga ta sauke shi, amma ya sani za ta biya ta wata unguwa, akwai rijiyar da take son dubawa kafin rana ta faɗi. Ya ce ba komai, yau ba mai nemansa a ofis. Ya cire babbar rigarsa ya ninke a kujerar baya, ya shiga gaba.