Katajuya

Sau uku firintar ofishin sashe ta tauna takardar, sau uku Ƙamus yana zaro ta yana dariya, abin da bai taɓa yi wa wannan injin ba a shekara tara da suka yi suna gaba. A karo na huɗu wasiƙar ta fito sumul, da ɗuminta. Ya ɗaga ta sama da hannu biyu kamar jaririn da aka miƙo masa daga ɗakin haihuwa.

"Sun karɓa! Wallahi sun karɓa!"

Sakatariyar sashen, dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, ta dube shi ta saman gilashin. "Malam, sauko ƙasa mu gaisa. Wa ya karɓi me?"

"Mujallar! Maƙalar da kika buga mini har sau biyar. Abin nema ya samu!"

"Matar falke ta haifi jaki," in ji ta. "To, Allah ya raya. Amma ka tuna ƙarfe huɗu nake rufe fayil. Huɗu da minti ɗaya, sai baɗi."

Ai bai manta ba. Doka ta ce malami ba zai hau matsayin babban malami ba sai da maƙala biyar a mujallun da ake ji da su, shi kuwa shekara uku ke nan yana tsaye a kan huɗu, ɗaliban da ya koyar suna zuwa suna wuce shi a matakala, suna gaishe shi da ladabin da ya fi zagi ciwo. Su ne suka laƙaba masa Ƙamus, saboda ba a iya gama zance da shi bai tsayar da mutum ya tambayi asalin wata kalma ba.

Fanninsa shi ne ilimin harshe na aikace, kuma a cikinsa ya zaɓi harshen asibiti: yadda tsofaffi ke bayyana ciwonsu, da yadda ma'aikatan jinya ke kasa fahimtarsu. Maƙalar ta biyar a kan kalma ɗaya tak ta tsaya, wato katajuya. Tun yana ƙarami yake jin ta. Wata rana ya neme ta a ƙamus bai samu ba, ya duba na biyu da na uku, babu. Ya naɗi muryar tsofaffin mata ashirin da uku, kowacce ta san kalmar, kowacce ta ba da ma'ana guda: abin da mutum ke ji in ya miƙe da sauri, ƙasa ta karkace masa na ɗan lokaci. Ya rubuta shafi goma sha takwas yana bambanta ta da jiri da hajijiya, ya yi hasashen tsohon aro ce daga wani harshe na maƙwabta, ya kuma ba da shawara a sa ta cikin littafin kalmomin da ake raba wa masu jinya.

Ya zura wasiƙar a aljihun gaba, ya fita da gudu, domin ranar ce mahaifiyarsa ke ganin likitan hawan jini, kuma ya yi alkawarin samunta a can da sha ɗaya.

A cikin bas ya gaida kowa. Ya ba wata mata kujerarsa, ya yaba wa direba tuƙi alhali direban ya kusa hawa kan shingen titi. Kwandasta ya yi kuskuren nahawu har biyu bai gyara masa ba. Lokaci-lokaci sai ya taɓa aljihu ya ji takardar tana nan, murmushi ya sake kubce masa.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya masa, kamar tsakuwa a takalmi. Ɗaya daga cikin masanan da mujallar ta ba su maƙalar su duba ya tambaya: ta yaya aka zaɓo waɗannan mata? Ƙamus ya amsa da cewa daga unguwanni tara dabam-dabam suke. Gaskiya ce. Abin da bai rubuta ba shi ne mahaifiyarsa ce ta tara masa su, ɗaya bayan ɗaya, ta waya. A lokacin ya ce wa kansa wannan ba abin da zai dami mai karatu ba ne. Yanzu ma haka ya ce, ya leƙa ta taga, tsakuwar ta koma gefe.

Ya same su a kan dogon benci na ɓangaren masu hawan jini, Inna riƙe da katinta, Goggo, ƙanwar mahaifinsa, a gefenta tana fifita da ambulan ɗin magani.

"Ga Auta nan yana tafe kamar wanda aka yi wa albishir da Aljanna," in ji Goggo. "Kai, rufe bakin nan kada ƙuda ya shiga."

Ya durƙusa a gabansu, da furfurarsa da komai, ya warware wasiƙar. "Inna, aikin nan da kuka taimaka mini, an karɓa. Duniya za ta karanta. Yau zan miƙa takardun ƙarin girma."

"Alhamdulillahi," in ji Inna, ta shafa takardar da tafin hannu ko da yake ba ta karanta harshen da aka rubuta ta da shi. "Wato yanzu ka zama farfesan?"

"Da saura, Inna. Mataki ɗaya ne."

"Shekara ashirin yana hawa, har yanzu mataki ɗaya," in ji Goggo. "Wannan tsani naku a rijiya aka kafa shi?"

Aka kira lambar Inna. Ya riƙe mata hannu suka shiga, Goggo ta biyo su ba tare da an gayyace ta ba. Nas ɗin, matashiya mai saurin hannu, ta ɗaura mata abin awo a damtse.

"Mama, akwai abin da ke damunki tun zuwanki na baya?"

"Lafiya lau, 'yata. Sai dai in na miƙe da sauri, jiri yakan ɗebe ni."

Ƙamus ya yi gyaran murya irin ta aji. Ga dama ta zo har gida: mai jinya, da majinyaciya, da masani. "Inna, ki faɗa mata daidai. Ba jiri ba ne. Katajuya ce."

Nas ta ɗago. "Kata me?"

"Kin gani!" ya ce da murna, yana nuna ta da yatsa. "Abin da na rubuta ke nan. Ba a koya muku ita ba."

"Haba Auta," in ji Inna. "A asibiti? Wa zai gane? Ai wannan maganar gida ce."

"Maganar tsofaffi dai, Inna."

"Maganar gidanmu. Taka."

Goggo ta daina fifita. Ta dubi Inna, ta dubi Ƙamus, sai kafaɗunta suka fara rawa. "Tsaya, tsaya. Yaya, kina nufin bai sani ba? Duk zaman nan da muka yi yana kunna mana rakoda, bai sani ba?"

"Ban san me ba?"

"Kai ka haife ta!" Goggo ta fashe. "Kana shekara biyu da rabi. Ka yi ta juyi a tsakar gida kamar tayar keke, ka faɗi tim, ka ɗago kai kana so ka ce ƙasa ta juya, bakin bai nuna ba. Ka ce, Inna, kata juya! Wallahi ranar har marigayi babanka sai da ya zauna don dariya."

Inna ta rufe baki da gefen mayafi, amma idanunta sun cika da hawaye. Nas ta juya baya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara, jikinta na girgiza. Awon ya fito sama da ƙima, dole aka sake.

"Amma mata ashirin da uku," in ji Ƙamus a hankali. "Unguwa tara."

"Lissafa mana su," in ji Goggo tana share ido.

"Matar tela."

"Katanga ɗaya muka haɗa da ita a tsohon layinmu," in ji Goggo.

"Uwar 'yan biyu."

"Ita ke goya ka in na tafi kasuwa," in ji Inna.

"Tsohuwar malamar firamare. Ita ai can bayan tashar jirgi take."

"Yanzu ba," in ji Goggo. "Da da wa take zuwa kitso? Duk layin nan ya ɗauka, Auta. In mace ta miƙe ta dafa bango, sai a ce katajuyar Auta ta kama ta. Da aka rushe layin aka yi titi, kowa ya watse da kayansa, ita ma aka tafi da ita."

Ya nemi kujera bai samu ba, ya dafa gadon awo. Shafi goma sha takwas. Tsohon aro daga harshen maƙwabta. Ya tuna daren da ya tsara jadawalin sauye-sauyen sauti, yana jin kansa kamar mai haƙo tsohon birni. Abin takaicin, dariya ce ta taso masa daga ciki, ya danne ta ta ƙi, ta fito ta hanci. Su huɗu suka yi ta yi, har wani likita ya leƙo ya ga ko lafiya.

A bakin ƙofar asibiti dariyar ta janye, ta bar shi da agogo. Biyu da rabi.

Inna ta lura da fuskarsa. "Mun ɓata maka aiki ko?"

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Ka tambaye mu ma'anarta, mun faɗa. Ka tambaye mu yaushe ake faɗinta, mun faɗa. Ba ka tambaye mu mai ita ba. Mu a zatonmu tarihinka kake rubutawa."

"To wa ya sani ban da mu?" in ji Goggo. "Ka kai takardarka, yaro. Mu ashirin da uku, rabinmu ƙafa ɗaya na kabari. Wa zai je ya faɗa wa masu mujallar? Ni ko hanyar ban sani ba."

Inna ba ta ce ya bi shawarar Goggo ba, ba ta ce kada ya bi ba. Ta gyara masa wuyan riga kawai, kamar yadda take yi ranar jarrabawa, ta ce ya yi sauri kada ya makara.

A bas ɗin komawa bai gaida kowa ba. Ya yi ta auna maganar Goggo, kuma ta yi nauyi. Babu ƙarya ko ɗaya a muryoyin da ya naɗa. Mata ashirin da uku suna faɗin kalmar, unguwanni tara ne. Amma shi ya san tambayar da aka yi masa, ya kuma san yadda ya zagaye ta, tun kafin Goggo ta buɗe baki. Ya hango littafin masu jinya da kalmar a ciki, wata nas a wani gari tana tambayar tsohuwar da ba ta taɓa zama a layinsu ba ko tana jin katajuya, tsohuwar ta ce a'a, a rubuta lafiyarta ƙalau.

Uku da kwata ya shiga sashe. Shugaban sashe ya tare shi a baranda, ya rungume shi. "Na ji labari! Babban malami! Ka ga ranar haƙuri?" Ƙamus ya yi godiya, ya shige ofishinsa ya rufe ƙofa.

Wasiƙar da ya rubuta wa editan mujallar layi shida ce. Ya goge kalmar "kuskure" ya sa "sakaci", ya dube ta, ya bar ta. Ya roƙi a dakatar da buga maƙalar. Ya danna maɓallin aikawa a kwamfuta.

Huɗu saura minti goma ya tsaya gaban sakatariya, hannu babu komai.

"Ina fayil ɗin?"

"Sai baɗi."

Ta cire tabarau, abin da ba ta cika yi ba. "Malam, lafiya? Da safe kana neman taɓa silin."

"Jaririn ne ya zo da tangarɗa. Zan ba ki labari in na iya ba da shi ba tare da na yi dariya ba."

Ta girgiza kai, ta tattara fayilolin sauran malamai ta rungume, ta miƙe da sauri don ta kai su kafin a rufe. Sai ta tsaya cak, ta dafa tebur, ta runtse ido.

"Wash! Katajuya."

Ƙamus ya ƙame. "Me kika ce?"

"Katajuya mana. Tun da na buga maka takardar nan ta zauna mini a baki. Har maigidana ya ɗauka, da matan ofishin rajista. Ai ta fi jiri dacewa da abin."

Ya laluba aljihu. Wasiƙar mujallar ce ta fara zuwa hannunsa. Ya juya bayanta inda babu rubutu, ya zaro biro.

"Mata nawa ne a ofishin rajistar?"

"Malam, huɗu ta kusa!"

"Je ki dawo, ina nan. Ki ce musu gobe zan zo da rakoda."

Ta fita tana mita. Shi kuwa ya zauna a kujerarta, ya rubuta lamba ɗaya a saman takardar, ya sa tambaya a gabanta: A bakin wa kika fara jin ta?