Wanda Ya Hau Dutse

"Uwar Hawa, littafinka duka ƙarya ne. Yarinya ya yi kuka, saurayi ya kawo mota. Wa ke da mota a Akokan bana?"

Mairamu ba ta ɗago kai ba, tana tsince tsakuwa a shinkafa. Mai maganar Dassin ce, maƙwabciyarta, mutuniyar Gougaram da fari ya cinye wa dabbobi ta shigo gari bara. Hausarta a kasuwa ta koya, mace da namiji duk "ya" take ce masu.

Maganar dai ta zauna wa Mairamu a rai. Littafi huɗu ta rubuta, duk na soyayya. Da bik, wato biro, take yi a kaye, littafin rubutu na 'yan lakkwal, makarantar boko, in ta cika biyu sai Zakariya'u direba ya kai Damagaram a buga, ya dawo da su, mai karatu ta karanta wa marasa karatu. Amma tun da kamfanin da mijinta ke wa aiki ya fara rage ma'aikata, tawaye kuma ya tashi, sabon kayen wata biyu yana bisa akwati fari fat. Ta yi tunanin barin soyayyar ta rubuta na tsarki da sallar mata, wanda ba mai tuhumarta a kai. Mijinta Fatahu ma haka ya fi so. Ya ce a shingen soja ko takardar ƙunshin goro buɗewa ake a karanta, kuma in aka samu wata magana a littafinta, ranar zai bar aiki, su bar gidan kamfani da 'ya'ya biyar.

Dassin ta jawo tabarma ta matso. Ta ce tana da labari na gaske, ba na mota ba. Wani nata ne ya kora ragowar raƙuma biyar ya hau dutse, yau wata shida ba labari. A rubuta shi, a ƙarshe a sa cewa rijiyar Akoli ta yi ruwa, ya sauko kafin azumi. Ai littafin Mairamu har zango-zango direbobi ke kai shi, wani zai karanta, zai ji.

Hannun Mairamu ya tsaya cikin shinkafa. A shekarun nan in an ce mutum ya hau dutse, kowa ya san bindiga ya je ɗauka. Ga sunan rijiya, ga lokaci, kamar saƙon ɓoye ga 'yan tawaye. Sai ta tuna shekaranjiya Dassin ta tambaye ta yaushe Zakariya'u zai tashi, ita kuwa ta ce ba ta sani ba. Ta tuna wani dogo mai rawani da ya sha shayi a ƙofar Dassin ranar Juma'a, bai gai da kowa ba. Ta yi a'uzu a zuci.

"Yaya Dassin, ni littafin sallah zan yi."

"Sallah kowa ya iya. Wannan ne ba mai yi mini."

"To shi ɗin me ne ne gare ki?"

"Ɗiyana mana. Mina. Yana da ciki, yanzu wata takwas."

Dariya ta kusa kuɓuce wa Mairamu, ta danne ta da istigfari. Ashe mace ce. Dassin ta ce mijin yarinyar ya tafi nema wa raƙuma ciyawa, an ce ta zauna gari ta haihu, yarinyar ta ce inda ya kwana nan za ta kwana, ta ɗauki tukunya ɗaya ta bi shi.

Nan take Mairamu ta ga shafin farko a idonta: mace da tukunya a ka, tana bin sawun raƙuma. Tun da ta fara rubutu ba ta taɓa samun labari irin wannan ba. Kuma in gaskiya ne, hana uwa kiran ɗiyarta mai tsohon ciki ba ƙaramin alhaki ba ne.

In gaskiya ne. Shekara guda suna ɗibar ruwa a famfo ɗaya, ba ta taɓa jin sunan wata Mina ba. Sai kuma ta tuna ranar da Hawa ta yi zazzaɓi, Dassin ta shafa kanta ta ce, "Allah ya ba ta lafiya." Wannan "ta" ɗin ta fito sarai, ba tuntuɓe. Ko dai a bakin mutane ta hardace addu'ar? Ta dubi fuskar Dassin, ba ta ga komai ba sai idanu ja, irin na mai kuka ko na mai hayaƙin murhu.

Dassin ta tashi ta shiga ɗaki ba izini, ta ɗauko kayen ta ajiye a cinyar Mairamu, ta ɗora bik a kai. Ta ce jibi da safe Zakariya'u zai tashi. Mairamu ita kanta ba ta san ranar ba.

"Uwar Hawa, don Allah ka rubuta mini. Sunana ka canza in ka so. Sunan rijiyar dai ka bar shi yadda na faɗa, ka ji?"