Wane Gefen Kwata

Tun tasowar Awudu, in aka tambaye shi inda yake zaune, unguwar Nima yake cewa. Haka ubansa ya riƙa faɗa, haka kowa a gidansu. Gidan yana bakin babbar kwatar da ta ratsa unguwa, wadda aka gitta wa katakai ana tsallakawa. Masallacinsu yana ƙetare, mai kokonsu ma can take. Ba wanda ya taɓa ɗaukar kwatar a bakin komai, in ban da wari.

Da 'yarsa Latifatu ta kamu da tarin tibi, likita ya gaya masa magana ɗaya da ta zauna masa a ƙirji: maganin nan ba a tsallake masa rana. In aka yanke shi a tsakiya, ciwon yana iya dawowa da taurin da ƙwaya ba za ta ci shi ba. Nas ɗin unguwa, Madam Adisa, ita ke kawo shi gida kowace safiya. Awudu ba ya tafiya shagon kayan mota da yake tsaro a kasuwar Abossey Okai sai ya ga maƙogwaron yarinyar ya motsa.

Ana cikin haka aka rarraba birnin, kowane yanki da hukumarsa da ofishin lafiyarsa da ma'ajiyar maganinsa. A rediyo aka ce an kawo mulki kusa da jama'a. Awudu ya ji, bai ga inda abin ya shafe shi ba.

Wata safiya Madam Adisa ba ta zo ba. Washegari ta kira shi a waya, ta ce sabon shugabanta ya hana su aiki a wajen yankinsu, ya je ofis ya yi magana.

Ya je. Matashin da ke kan tebur ya tabbatar masa maganin Latifatu yana nan a ajiye, har ya miƙe zai ɗauko. Sai ya tsaya.

"Baba, gidanka wane gefen kwata?"

Awudu ya kwatanta masa.

"To kai ba Nima ba ne. Kai yankin Maamobi kake."

Awudu ya ce a gidan aka yanke masa cibiya, kuma Nima ne. Matashin ya ba shi haƙuri, ya koma ya zauna.

Ofishin yankin Maamobi ɗakuna biyu ne a saman wani shago, fenti bai gama bushewa ba, firij ɗinsu ma yana cikin kwali. Matar da ke shugabantar ofishin ta ba shi kujera da ruwa. Ta yi masa bayani a hankali: gidan a yankinsu yake, nas ɗinsu za ta iya zuwa, amma tun ranar farko a asibiti shi da bakinsa ya ce Nima, saboda haka rabon yarinyar can ake aikawa. Gyaran sai ya hau sama ya sauko. Ya tambayi yaushe. Ta ce su ma jira suke.

A hanyar gida ya nemi fushi a ransa bai samu ba. Ƙafafunsa kawai ke tafiya. Matarsa Sala ta tambaye shi yaya aka yi, ya ce suna nan suna dubawa. Daga ɗaki Latifatu ta yi tari, ya zauna a kan benci yana kallon bokitin ruwa.

Ƙanwarsa Saratu, mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, a ƙetaren kwata, ita ta shigo ta tarar da shi haka. Da ta ji labari ta yi 'yar dariya marar daɗi.

"Yaya, ashe duk shekarun nan baƙo kake a Nima, kana cin abincina kyauta." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Kawo mini Latifatu, ɗakina ai a Nima yake, nas za ta zo. Yarana su dawo nan wurin Sala, kar su ɗauka."

Bayan la'asar Awudu ya naɗe tabarmar Latifatu, ya ɗauki kofinta da ba wanda ke sha da shi sai ita. A kan katakon ya riƙe mata hannu, ya ji ƙashi. 'Ya'yan Saratu suka wuce su da kayan makarantarsu a leda, suna murna.

Da safe Madam Adisa ta zo ɗakin Saratu. Awudu ya tsaya a ƙofa har ya ga an haɗiye. Ya tambaye ta kwanakin da aka tsallake fa. Ta ce za a gwada majina nan gaba, sai a sani. Ya gyaɗa kai, ya tafi shago.

Da yamma ya shiga motar haya ta trotro, yaron mota ya tambaye shi inda zai sauka. Ya buɗe baki zai ce Nima, sai ya fasa.

"Bakin kwata," ya ce.