Murafen Kwalba da Ajin Yaya

Auta ta shiga kwalejin ilimi ne don ƙaro takarda, ba don neman rigima da kowa ba. Litinin zuwa Juma'a tana koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare, ƙarshen mako kuma ta koma ɗaliba, ta takure a benci kamar yaranta. Darasin da ya tsaya mata a wuya shi ne tsara bincike, kuma in ba ta miƙa nata binciken a bana ba, to sai maimaita shekara.

Malamin da ke duba aikinta, ɗalibai na kiransa Ina-Hujja. Ko cewa ka yi ana zafi yau, sai ya leƙo ka ta saman tabarau kamar zai nemi shaidu.

"Dakta, yara sun fi gane ninkawa in suna jera murafen kwalba a kan tebur," in ji Auta. "Da idona na gani."

"Idonki ba hujja ba ne," ya ce. "Ki sami aji biyu masu ƙarfi ɗaya, ki gwada su tun farko. Ɗaya ki ba shi murafe, ɗayan a bar shi yadda yake, shi ne ajin kwatance. A ƙarshe ki sake gwadawa. Amma ki kula, kada hanyar ta tsallaka katanga."

Aji huɗu guda biyu ne a makarantarsu, bango ɗaya ya raba su. Ɗaya na Auta, ɗaya na Yaya, wadda suke ciki ɗaya, wadda ta goya ta har bayanta ya gaji. Yaya kuwa mace ce da ba ta yarda a riga ta ko da shan ruwa ne. Mai hankali zai nufi wata makaranta. Auta sai ta ga ai abu ya zo gida.

A ofishin malamai ta tare ta, bakinta har kunne. "Yaya, ajinki ne ajin kwatance."

"Me ke nan?"

"Ba wata wahala. Su ba za a yi musu komai ba."

Yaya ta ajiye jan biro a hankali. "Ba za a yi musu komai ba. 'Ya'yan nawa."

"Na ɗan lokaci ne kawai, don a ga bambanci."

"Wato a ga naki sun wuce nawa." Ta yi murmushi. "To, Allah ya taimaka, Autar Mama."

Da Auta ta san kan duniya, da wannan murmushin ya ishe ta gargaɗi. Sai ta kama aikinta. Ajinta ya cika da ƙarar murafe, yara na jera su layi-layi suna ihu. Ta bango kuwa ba ka jin komai, kamar an kwashe yaran. Ta je wurin mai shagon bakin ƙofa neman ƙari, ya ce sun ƙare. Ta je wurin mai sayar da lemo a kwanar titi, shi ma haka. Ta yi mamakin yadda gari guda ya daina shan lemo, amma ba ta kawo komai a ranta ba.

Ranar da ta gama duba gwajin ƙarshe, sai da ta sake dubawa. Ajin kwatance ya lallasa ajinta. Ta fita a fusace, ta faɗa ajin Yaya ana cikin hutun tara, ta ja ƙofar kabad. Buhu guda ya kife, murafe suka watsu har ƙarƙashin bencina. Kowane an manna masa tsumma a ciki don kada ya yi ƙara.

"Yaya! Kin kashe ni!"

Yaya na bakin ƙofa, ko gezau. "Ke kika ce abin yana aiki. Na yarda da ke, laifi ne?"

Da ta kai masa labari, Ina-Hujja ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge ido. Sannan ya haɗe fuska, ya ce zango ɗaya ya rage mata, daga shi babu wani. Auta ta zauna ta sake tsari, wannan karon da hankali: kowane aji zai sami murafe, amma ɗaya zai fara, ɗayan ya jira a gama gwaji. Sabon darasi kuma, rabawa. Wanda zai fara, sa'a ce za ta zaɓa. Dakta ya karanta ya ce, "Yanzu kika fara koyo." Daɗi ya kama ta har ta manta jakarta a ofishinsa.

A gaban shugaban makaranta aka cilla murfi sama. Ya faɗo a kife, ajin Yaya ne zai jira. Auta ta ƙwace buhun, ta sa wa kabad ɗinta kwaɗo, ta kuma sa Yaya ta yi alkawari.

"Na yi," in ji Yaya. "Hannuna ba zai taɓa murfi ba sai kin ce."

Ta kuwa cika alkawari. Mai shago ya shaida, mai lemo ya shaida. Auta ta fara tafiya tana rangaji, har ta tambayi tela irin ɗinkin da ya dace da ranar yaye ɗalibai.

Ana saura kaɗan a yi gwaji, wata uwa ta zo ƙorafi wai aljihun ɗanta duk ya yage, kuma ɗan ajin Yaya ne. Auta na jin haka ta miƙe. Ta lallaɓa ta bayan aji ta leƙa taga.

Yaya na durƙushe a ƙasa, zaninta ya sha ƙura. Gabanta wata yarinya ce da ta maimaita aji, wadda ba a taɓa jin muryarta ba. Tana raba tsakuwa kashi-kashi, tana cije leɓe. Can ta ɗago, ta faɗi amsa a hankali, ta kuwa yi daidai. Ajin ya ɗauki tafi. Yarinyar ta rufe fuska da hannu tana dariya.

Auta ta san shekararta ta tafi ke nan. Haushi ya turnuƙe ta har idonta ya kawo ruwa, ta ji kamar ta shiga ta watsar da tsakuwar. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ta kama kanta tana tafi.

Ta koma ajinta, ta buɗe kwaɗo, ta jawo buhun har gaban Yaya ta dire.

"Ungo. Tsakuwa na yaga wa mutane aljihu."

Yaya ta dube ta, ta dubi buhun, muryarta ta yi ƙasa. "Binciken fa?"

"Sai baɗi. Kuma a makarantar da ba ni da dangi ko na nesa."

Yaya ta miƙe, ta kakkaɓe zani, ta goge wa ƙanwarta ido da bakin mayafi.

"Wace makaranta ce?" ta ce. "Faɗa mini da wuri, neman canjin wurin aiki yana ɗaukar lokaci."