Simol Mai Yasar Rijiya

Tun kafin motar ta fita daga Matameye Alhaji Sa'adu ya fara ja wa ƙanensa kunne. In sun isa Kance, sunansa Malam Shekara, ɗan kasuwa, kada ya kuskura wannan sunan banza ya fito. Uban yarinyar da za su nema wa Abdulrazak malamin Ingilishi ne a kwaleji, ya san ma'anarsa sarai. Shekara shi ne uban Abdulrazak. Ɗansa ne ke son auren, amma babbar rigar da ke jikin Shekara ma ta Alhaji ce, hannunta har gwiwa.

Sunan Simol ne. Ya samo shi wajen ci-rani a Fatakwal, inda wani mai gida ya laƙaba masa, don duk cikin leburori shi kaɗai ke iya shiga matsattsiyar rijiya ya yashe ta. Rani goma sha tara ana zura shi da igiya. Sunan ya biyo shi gida, har matarsa Baiwa da shi take ambatonsa in ta yi fushi.

Uban yarinyar, Mushe Kabiru, kamar yadda ake kiran malamin boko a can, ya tarbe su a zaure. Alhaji ya saki baki, ya yi ta zuba, sai ka rantse ƙanen nasa ke da rabin kasuwar Ɗan Barto. Mushe ya bari ya gama, sannan ya dubi Shekara.

"An ce mini Simol ake kiranka. Ka san abin da yake nufi?"

Alhaji ya ce ai wasan yara ne, an daina tuni. Wannan ce ta ƙona wa Shekara rai, fiye da tambayar.

"Yaya, bari. Na sani, Mushe, ƙarami ne. Ni ba ɗan kasuwa ba ne, rijiya nake yashewa. Da sunan nan na ciyar da yaron, da shi na sa shi lakwal ya yi boko. In sai na ɓoye shi za a ba mu, to a bar ta."

Alhaji ya kafa wa tabarma ido.

Mushe ya yi gyaran murya irin ta aji. Ya ce tsohuwar kalmar Ingilishi ce, a can asalinta siriri take nufi, daga baya ta koma ƙarami. Sannan ya ce yana da rijiya a bayan gida, shekara biyu ke nan ta cushe, duk wanda ya leƙa sai ya ce ta yi masa matsi. Ko zai duba ta kafin su tafi?

Shekara ya tattara hannun rigar ya aza a kafaɗa.

"Yau neman aure na zo, Mushe. Ka ba mu amsa tukuna. Rijiya kuwa, gobe ka aika Matameye a kira Simol."