Jan Zare

Yayana Ustad Iltifat mawaƙi ne, kuma taurin kai ne gādonmu. A gidanmu na Gwaliyo, a ƙasar Indiya, sai ya ɗaura wa ɗalibi jan zare a wuyan hannu kafin ya buɗe masa baki. Daga nan ɗalibi zai shekara uku yana jan sauti ɗaya, Sa, kafin ya ji waƙar safiya da kakanmu ya bari. Ba a rubuta ta, ba a ɗaukar ta a waya. A maƙogwaron Yaya kaɗai take zaune.

A da ɗalibansa goma sha biyu ne. Sai aka buɗe makaranta a saman shagon waya, inda ake koyar da waƙar fim goma cikin wata uku. Ɗaliban suka koma can, aka bar mu da ɗaya kaɗai, Debika, ita ma ta gaji.

"Ustad, shekara biyu ina Sa kamar saniya. Ƙawayena har a biki suke waƙa."

"Je ki bikin, 'yata. Kwaɗi ma da damina ba sa rasa masu saurare."

Ta kwance zaren, ta ajiye kan tabarma, ta taɓa ƙafarsa don girmamawa, ta tafi.

Gidan ya yi mana yawa. Kullum da safe ina dafa shayi kofi biyu, shi kuma yana yi wa bango waƙa. Tausayinsa nake ji, haushinsa kuma ya fi.

Wata safiya ya ɗauko waƙar kakanmu, ya kai tsakiya ya tsaya. Ya sake, ya tsaya a wuri ɗaya. Sau huɗu. Baitin ya gudu, ba kuma wanda zai tambaya duk duniya.

Ni shekara hamsin ina jin ta ta bangon madafa, ba wanda ya taɓa cewa in zauna. Ina murza gurasa na ƙarasa masa baitin.

Sai ga shi a bakin ƙofa da zaren Debika.

"Nafisa, wa ya ba ki?"

"Bango, Yaya. Ya fi ka kyauta."

Ya ɗaura mini zaren a kan garin da ke hannuna, idonsa ya cika.

"Kin kauce a ƙarshe," ya ce. "Gobe ki fara da Sa."

Shekarata sittin da takwas, shi saba'in da tara. Washegari na zauna na fara.